Kalmar Ingilishi "Service" da Makomarta a Bakin Masu Hausa: Misali daga Rikoto, Zuru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗan leƙa nazarin kalmomin aro a Hausa ya san cewa an fi mai da hankali ga sauti, watau yadda baƙuwar kalma ke sauya baƙaƙenta da wasulanta kafin ta zauna daram a bakin Bahaushe. Wannan aiki ne mai amfani, amma rabin magana ne. Kalma tana da jiki, tana kuma da kaya, kayan nan kuwa su ne ma'anoninta. Tambayar da wannan takarda ke son tayarwa ita ce: idan Hausa ta ari kalma mai ma'anoni da yawa, da dukan kayanta take shigowa, ko kuwa a bakin ƙofa ake sa ta ajiye wasu?

Don amsa wannan tambaya mun ɗauki kalma guda ta Ingilishi, watau "service", wadda ta zama sabis a Hausa. Mun kuma ɗauki wuri guda, watau Rikoto, ɗaya daga cikin unguwannin garin Zuru a kudancin Jihar Kebbi. Dalilin zaɓen wurin ba boyayye ba ne. Ƙasar Zuru ƙasa ce ta harsuna da dama, ciki har da C'lela, harshen Lelna waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa jama'a a kasuwa da tasha da garejin makanikai. Bayan haka, kamar yadda za mu gani, da wuya a sami wani gari a Arewa da tsofaffin ma'anonin wannan kalma suke da rai a cikin zaman jama'a kamar Zuru. Misalan da za a kawo irin maganar yau da kullum ce da kunne ke tsinta, kuma mahalarta da suka fito daga wasu sassa za su iya gwada su da abin da suke ji a garuruwansu.

2.0 Kalmar a gidansu

Ingilishi ma aro kalmar ya yi. Ta shigo masa daga tsohon Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin, inda "servus" ke nufin bawa, "servitium" kuma ke nufin bauta. Daga wannan tushe ne ma'anoni suka yi ta rassa. Akwai aikin da bara ke yi wa ubangidansa. Akwai taron ibada a majami'a, wanda yana cikin tsofaffin ma'anonin kalmar a Ingilishi. Akwai aikin soja da aikin gwamnati. Akwai hukumar da ke gudanar da irin wannan aiki. Daga baya aka faɗaɗa ta ga abin da kamfani ke samar wa jama'a a kai a kai, kamar jirgin ƙasa ko gidan waya ko tarho, da kula da mai saye a kanti ko otal, da bugun farko a wasan tanis, da duba inji lokaci-lokaci don kada ya lalace. Abin da ya ɗaure su duka shi ne wani yana yi wa wani aiki. Bature idan ya ji kalmar, wannan zaren yana nan a ransa ko da bai san Latin ba, domin yana da 'yan'uwanta a harshensa, irin su "serve" da "servant".

Game da sauti ba za mu daɗe ba. Hausa ba ta da baƙin "v", saboda haka ya koma "b", kamar a direba da biza da talabijin. Baƙin "r" na gaɓar farko bai bayyana ba, domin Turawan Ingila da aka ji kalmar a bakinsu ba su furta shi a irin wannan muhalli, kamar dai yadda aka sami nas. Kalmar ta riƙe "s" ɗinta na ƙarshe, kamar bas da kwas. Abin lura guda shi ne, ofis ta samu zama har ana cewa ofishin hakimi, amma sabis har yau sai da ɗin take haɗuwa da wani suna: sabis ɗin mota, sabis ɗin waya. Jinsinta namiji ne, kuma ba a yi mata jam'i.

3.0 Ma'anonin da aka bari a bakin ƙofa

Mu fara da aikin soja, tunda shi ne abin da sunan Zuru ke fara kawowa a ran mutanen Nijeriya. Tun zamanin rundunar Turawan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma samarin wannan ƙasa suke shiga soja, kuma Hausa ce harshen bariki a wancan lokaci. Daga cikin 'ya'yan ƙasar akwai Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba, gwamnan soja na Jihar Kaduna daga 1990 zuwa 1992, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985, daga baya kuma ya hau gadon sarautar Zuru. Bariki ya ba Hausa kalmomi jingim: soja, kofur, kyaftin, manjo, kanar, fareti, da ita kanta kalmar bariki. Amma bai ba ta sabis da ma'anar aikin soja ba. Mahaifiyar soja a Rikoto cewa take ɗanta yana aikin soja, ko ya tafi soja. Wanda ya ajiye kaki kuma tsohon soja ne, kuma shekarun aikinsa ake ƙirgawa idan za a yi maganar fansho. Kalmar aiki ta riga ta cika gurbin, ba a bar wa baƙuwa wurin zama ba.

A nan akwai wani abin sha'awa da ya kamata a faɗa ko da a gurguje. Kalmar saje, da samanja da ke ɗauke da ita, ta fito daga "sergeant", ita kuma daga tushen Latin guda ta fito da "service", ma'anarta ta asali mai yin hidima. Ke nan Hausa ta ari tushen nan sau biyu ta ƙofofi daban, ba tare da masu magana sun ga wata dangantaka tsakanin sajen bariki da sabis ɗin babur ba. Ba laifinsu ba ne. Zaren da ke ɗaure su a can gidansu aka baro shi.

Haka abin yake ga aikin gwamnati da hukumominta. "Civil service" aikin gwamnati ne, shugabansa kuwa shugaban ma'aikata. Hukumomin da sunansu na Ingilishi ya ƙare da wannan kalma duk hukuma ake ce musu: hukumar kwastan, hukumar shige da fice. Gidan rediyon BBC, wanda ya fara watsa shirye-shiryen Hausa a 1957, yana kiran reshen da wannan kalma a Ingilishi, amma masu sauraro Sashen Hausa suka sani. Kalma guda a can, a nan ta rabu uku: aiki, hukuma, sashe.

Ma'anar ibada ta fi kowace ban sha'awa. Zuru gari ne da Musulmi da Kirista ke zaune tare, sau da yawa a cikin dangi guda, kuma Hausa ce babban harshen wa'azi da waƙa a majami'u da yawa, tun bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Abin da Bature ke kira "service" ranar Lahadi, Kiristan da ke magana da Hausa sujada yake kiransa: an fara sujada, an tashi daga sujada. Kalmar Larabci ce da ta daɗe a Hausa, aka ɗauke ta aka ba ta sabon aiki. Idan muka duba da kyau za mu ga dalilin da ya sa ba a bukaci aro ba. Hanyar da Latin ya bi daga bawa zuwa ibada, ita ce Larabci ya bi, domin ibada da "abd" tushensu guda. Ita ce kuma Hausa ta bi da ƙafarta, daga bawa zuwa bauta, wadda ke nufin zaman bawa a hannun ubangiji, take kuma nufin bautar Allah. Harsuna uku, tunani guda. Baƙuwar kalma ba ta zo da wani abin da babu shi a gida ba.

Wannan ne ya sa fassarar da aka yi wa shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, na tura waɗanda suka gama karatun jami'a aikin shekara guda, ta zama abin nazari. An ce masa bautar ƙasa. Ko da gangan aka yi, ko dace aka yi, fassarar ta faɗa daidai kan tushen kalmar na Latin, tushen da Ingilishi kansa ya daina ji. Sai dai nauyin da ya gushe a Ingilishi bai gushe a Hausa ba, shi ya sa wasu ba su jin daɗin lafazin, suna ganin bauta ta Allah ce kaɗai, suka gwammace a ce masu yi wa ƙasa hidima. Hidima kuwa, daga Larabci, ita ce ta ɗauki ma'anar kula da baƙo da ɗawainiyar biki da tsayawa a kan lalurar wani.

Sauran ma'ana guda, wadda ta shafi ƙasar Zuru kai tsaye. A al'adar Lelna akwai golmo, inda saurayi da abokan tasowarsa ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura noma shekara da shekaru, bisa al'ada shekara bakwai. Masu nazarin al'adu da ke rubutu da Ingilishi suna kiran irin wannan tsari "bride service". Babu mai tunanin kiransa sabis a Rikoto, kuma da wani zai gwada, dariya za a yi masa. Golmo sunansa golmo, ko da Hausa ake magana. Idan aka haɗa wannan da abin da ya gabata, za a ga cewa soja da mai sujada da ɗan golmo, waɗanda a idon Bature duk abu guda suke yi da sunan kalma guda, suna iya zama a gida guda a Rikoto, kuma babu ɗaya daga cikinsu da Hausa ta ce yana sabis.

Wani na iya tayar da hannu ya ce ai yana jin ɗalibai na cewa wane ya tafi sabis, ko ya gama sabis, suna nufin bautar ƙasa, yana kuma jin wasu masu zuwa majami'a na cewa sabis ɗin Turanci da ƙarfe kaza. Gaskiya ne. Amma a ganinmu wannan sirki ne na masu harshe biyu, bai kai matsayin aro ba tukuna. Ma'aunin da muke bi mai sauƙi ne: shin wanda bai taɓa shiga aji ba yana amfani da kalmar da wannan ma'ana, kuma ba shi da wata da ta fi masa sauƙi? Tsohuwar da jikanta ya tafi Inugu ko Kalaba bautar ƙasa za ta ce, ba sabis ba. Haka ma bugun farko a ƙwallon raga, wanda bai fita daga bakin 'yan wasa ba.

4.0 Ma'anonin da suka shigo

Biyu ne kawai suka cika wannan ma'auni, kuma dukansu inji ne ya kawo su.

Ta farko ta gareji ce. Ga yadda ake jin ta:

(1) Na kai babur sabis.
(2) Rabon da a yi wa motar nan sabis tun kafin damina.
(3) Ba gyara take so ba, sabis kawai.

Misali na (3) shi ne mabuɗin. Hausa tana da gyara, amma gyara bayan ɓaci yake zuwa. Abin da makanike ke yi idan ya juye baƙin mai ya zuba sabo, ya wanke filogi ko ya canza shi, ya busa kafireto, ya ɗaure sarƙa, ya duba birki, alhali abin hawan lafiyarsa lau, wannan sabon tunani ne da ya zo tare da inji, kuma babu kalmar gida da ta rufe shi. Ɗan acaɓa ko direban da ke bin hanyar Rijau zuwa Kwantagora ya san bambancin a aljihunsa: kuɗin sabis sananne ne, yana iya tanadinsa, kuɗin gyara kuwa sai abin da makanike ya gani. Daga mota da babur kalmar ta bazu zuwa janareto da injin niƙa da injin ban ruwa da keken ɗinki. Har an fara ara wa mutum ita cikin raha, a ce dattijo ya je asibiti a yi masa sabis, watau a duba shi ba don ya kwanta ciwo ba. Lura kuma cewa sabis a nan suna ne kawai; ba ta zama aikatau ba kamar yadda take a Ingilishi, sai an jingina ta da yi ko kai.

Ta biyu ta wayar salula ce, kuma tarihinta a fili yake, domin a 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya, Glo ya biyo baya a 2003. A ganinmu ba malami ne ya koya wa jama'a wannan ma'ana ba, ba kuma rediyo ba. Wayar ce da kanta. Idan ta rasa hanyar sadarwa sai ta rubuta "No service" a fuskarta, yaro ɗan makaranta ya karanta wa babba, babba ya riƙe. Ke nan ta hanyar rashinta aka san ta, shi ya sa jimlar da ta fi kowace yawa a baki ita ce ba sabis. Sauran su ne irin waɗannan:

(4) Sabis ya ɗauke.
(5) Sabis ɗin nan ba ƙarfi, sai rawa yake.
(6) Sai an hau dutse ake samun sabis.
(7) Tsaya nan, nan ne yake kamawa.

A nan ma'anar ta yi nisa da ta gidansu. A Ingilishi, asalin abin da ake nufi shi ne aikin da kamfani ke yi wa wanda ya biya. A Hausa kuwa sabis ya zama wani abu mai cin gashin kansa, mai zuwa da tafiya, mai ƙarfi da rauni, wanda ake nema a kan tudu ko a gindin wata bishiya. Aikatau ɗin da ake ba shi shi ne wanda ake ba ruwan sama da wutar lantarki: ya ɗauke, ya dawo. A gari irin Zuru da duwatsu suka kewaye, misali na (6) ba adon magana ba ne ga mutanen ƙauyuka. Wannan sauyi yana da sakamako da ya wuce nahawu. Wanda ke ɗaukar abu a matsayin aikin da aka biya a yi masa, yana da wanda zai tuhuma idan ba a yi ba. Wanda ke ɗaukarsa kamar hadari, jira yake yi. Ba mu ce kalma ce ke sa mutum haƙuri ba, amma tana nuna yadda ya ɗauki lamarin.

Ma'anar ta ƙara faɗi da zuwan masu POS da tura kuɗi ta waya. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, jimlar ba sabis ta tashi daga maganar gaisuwa da 'yan'uwa ta koma maganar cefane, domin wanda kuɗinsa ya maƙale tsakanin banki da banki ba ya iya ɗaukar kwanon dawa. Kafin nan, a watan Satumba na 2021, hukumomi sun rufe hanyoyin wayar salula a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Masarautar Zuru tana iyaka da Zamfara, kuma jama'ar ɓangarorin biyu suna cin kasuwannin juna. Gidajen rediyo cewa suka yi an katse layukan sadarwa. Mutanen gari cewa suka yi an ɗauke sabis. A wannan karon dai an san akwai hannun da ya ɗauke, shi ya sa aka ce an ɗauke, ba ya ɗauke ba. Kalmar tana da kishiya a wannan fage, watau netwok, wadda matasa suka fi so, kuma sau da yawa mutum guda yana amfani da duka biyun a zance guda.

5.0 Abin da ya shafi malami da mai fassara

Ɗalibin sakandare a Rikoto yana shiga ajin Ingilishi da sabis a bakinsa, yana kuma ganin ya san kalmar. Nan haɗarin yake. Kalmar da ɗalibi bai taɓa ji ba yakan tambaya ko ya buɗe ƙamus. Wadda yake zaton ya sani kuwa wucewa yake yi. Ma'anoni biyun da ya sani su ne na baya-bayan nan a Ingilishi, kuma su ne mafi ƙarancin fitowa a littattafan karatu da takardun jarrabawa, inda aka fi cin karo da aikin gwamnati da hidimar jama'a da ibada. Abin da muke ba malami shawara shi ne kada ya fara da jera ma'anoni goma a kan allo. Ya fara da zaren, watau wani yana yi wa wani aiki, sannan ya tambayi ɗalibai su kawo kalmomin Hausa da na harsunansu da ke ƙarƙashinsa. A Zuru ba zai sha wahala ba: aji guda zai ba shi aikin soja da sujada da hidima da golmo kafin a kaɗa ƙararrawa.

Mai fassara kuma nasa haɗarin ta ɗaya gefen yake. Yawan jin sabis a titi yana iya ruɗinsa ya zaci kalmar ta zama ta gida gaba ɗaya, ya rubuta sabis ɗin lafiya a sanarwar asibiti inda ya kamata ya ce kula da lafiya, ko ya rubuta shekarun sabis a takardar da ke bayyana wa ma'aikaci cewa ritaya tana zuwa bayan shekara 35 yana aiki ko cikarsa shekara 60 da haihuwa. Wanda aka rubuta dominsa, idan ba ɗan boko ba ne, gareji ko waya zai tuna. Masu aikin ƙamus su ma ya kamata su shigar da sabis da ma'anoni biyun nan kaɗai, ta gareji a gaba saboda ta riga shigowa, ta waya a baya, kowace da jimlar misali da ke nuna aikataun da take tafiya da shi. Ma'anar bautar ƙasa, in an ga dama, a sa ta a ƙarshe da alamar cewa maganar 'yan makaranta ce, a bar wa bugu na gaba ya duba ko ta sauko kasuwa.